Ragar da Na Kai Bakin Teku

Gwangwanin da na fi tattali a duk kayana bai fi tafin hannu ba. A cikinsa akwai 'yan ragogin ƙarfe guda uku, baƙaƙe ƙirin, kowacce na kafe gefenta da allura a jikin kwali don kada komai ya goge fuskarta. Ni na mayar da su haka da hannuna: na shafa musu siririn man silikon, na riƙa gilma su ta saman harshen kyandir har kunkunniya ta lulluɓe su. In ka ɗiga musu ruwa, sai ya dunƙule kamar zaiba ya gangare, ko alamar danshi ba zai bari ba. In ka ɗiga mai, kafin ka ƙifta ido ya ratsa ya fice ta ƙasa. Aikina tace ruwan da masana'antu ke zubarwa, kuma na shekara da shekaru ina karanta labarin irin wannan shafi mai korar ruwa, har ya zame mini kamar ciwo. Da hutu ya samu a watan Agusta, sai na ce bari in je in ga inda abin ya samo tushe, in kuma je in ga irin ɓarnar da ake cewa zai magance, wato malalar mai a teku.

Autanmu, wanda ke karatun kwamfuta a Jamus, shi ya tarbe ni a tashar jirgin ƙasa ta Bonn. Duk wanda ya saba kunna rediyo ya san sunan garin nan kafin ya san inda yake a taswira, ko da yake mu da muka daɗe muna saurare mun fara jin tashar rediyon Jamus ta DW ne tun tana Kolon, kafin ta koma Bonn a 2003. Ya karɓi jakata, na hana shi gwangwanin.

"Yaya, wai da gaske duk wannan tafiyar don ganye ka yi ta?"

Na ce masa ya bari mu je tukuna.

Washegari muka bi doguwar hanyar nan mai itatuwa a jere dama da hagu, wadda ta miƙe har fadar Poppelsdorf. Lambun tsirrai na Jami'ar Bonn a kewayen fadar yake. A nan masanin tsirrai Wilhelm Barthlott ya yi shekaru yana shugabanci. Tun a shekarun 1970 yana duba fatar ganyaye da madubin ƙara girma mai aiki da lantarki, sai ya lura da wani abu da wasu ba su ba shi muhimmanci ba: akwai ganyen da dole sai an wanke shi kafin a duba, akwai wanda kullum tas yake. Abin mamakin shi ne masu tsabtar ba su ne masu santsi ba. Su ne masu kaushi, in an ƙara girmansu. Da shi da ɗalibinsa Christoph Neinhuis suka rubuta bayanin, mujallu da dama suka mayar musu da shi, sai a 1997 ya samu fita. Daga nan sunan ganyen lotus ya bazu, har aka fitar da fentin bango mai suna Lotusan a 1999.

Mun tarar da lotus ɗin ya yi ganye faifai-faifai, sun ɗago sama da ruwa a kan dogayen karare. Da yawa suna ɗauka bado ne, to ba shi ba ne. Ganyen bado a kan ruwa yake kwanciya, kuma ruwa na jiƙa shi. Na zuba ɗan ruwan gorata a tsakiyar ganye guda. Ya taru wuri ɗaya yana rawa, yana sheƙi ta ƙasa kamar an shimfiɗa masa azurfa. Iska ta ɗan kaɗa ganyen, ruwan ya zagaya sau biyu, ya kwashe wata ƙura da wani mataccen ƙwaro, ya sulale ta baki. Na sa yatsa a wurin. Ƙayau.

Auta ya karɓi gorar ya gwada da kansa har sau uku. Daga nan bai sake yi mini dariya ba, sai tambaya.

Wannan sheƙin na azurfa iska ce. Fuskar ganyen cike take da ƙananan ƙuraje, tsayinsu maikuromita 10 zuwa 20, alhali kaurin gashin kai ya kai 70 ko kusa da haka. A kan kowane ƙurji kuma akwai wasu 'yan tsinkayen kaki da suka fi su ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Ɗigon ruwa ba ya iya kutsawa tsakaninsu, sai ya zauna a kan kawunansu, iska na ƙarƙashinsa. Masu bincike suna auna kusurwar da gefen ɗigo ya yi da abin da ya zauna a kai. A kan gilashi mai tsabta ruwa bajewa yake, kusurwar ta yi ƙasa sosai. A kan abu mai santsi, komai ƙin ruwansa, da wuya ta wuce digiri 120. Ba a haye 150 sai an haɗa da kaushi, kuma lotus na kai wa wajen 160. Lissafin ma ya girmi Barthlott: Wenzel ya yi nasa a 1936, Cassie da Baxter suka yi nasu a 1944 a wata cibiyar binciken ulu da ke Leeds ta Ingila, suna neman yadda tufa za ta ƙi jiƙa, har suka kawo misali da gashin agwagwa. Wanda ya taɓa ganin raɓa a kan ganyen gwaza ya riga ya ga abin, sunansa ne kawai bai sani ba.

"To ina ruwan wannan da mai, Yaya?"

Nan ne gizo ke saƙar. Ruwa yana da wata irin fata da ke ɗaure shi, ita ce ke sa ɗigo ya dunƙule, ita ce ƙananan ƙwari ke takawa ba su nitse ba. A ma'aunin da ake amfani da shi, ƙarfin fatar ruwa 72 ne. Na yawancin mai kuwa tsakanin 20 ne da 35. Saboda haka fuskar da ruwa ya kasa jiƙawa, mai yana malala a kanta cikin sauƙi, kuma kaushin nan da ya kori ruwa shi ke ƙara janyo man. In ka shafa wa raga irin wannan shafi, ka samu mai gadin ƙofa da ke barin ɗaya ya wuce ya tare ɗaya, ba inji, ba wuta. Ayarin Lei Jiang a Beijin ne suka nuna haka a 2004, da ragar ƙarfen da ba ya tsatsa wadda suka fesa wa Teflon, shafin nan da ke hana abinci kamawa a tukunya. Tun daga lokacin, rubuce-rubuce a kan abin sun fi ƙarfin mai karatu ɗaya: soso, auduga, takarda, yashi, ba abin da ba a shafa ba.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai a lambun yana cikin ɗakin gilashi, inda zafi da danshi suka sa tabarau ɗina ya yi hazo. A saman wani kwatarnin ruwa akwai kainuwa, dashen Allah, da ganyenta mai laushin gashi, kusa da ita kuma wani ɗan tsiro mai yawo a ruwa da ake kira Salbiniya. Asalinsa daga Barazil yake, kuma inda ya samu wuri ya zama annoba, ya taɓa lulluɓe wani babban sashe na tafkin Kariba da ke tsakanin Zambiya da Zimbabwe. Na ciro ɗan madubin ƙara girma daga aljihu na duƙa. Kowane gashi da ke jikin ganyen ya rabu huɗu a sama, sannan rassan suka sake haɗe kai, sak maburgi. In ka danna ganyen cikin ruwa, sai ya nitse da rigar iska, ya fito a bushe. Mutanen Bonn sun bayyana wata dabara tasa a 2010: duk jikin gashin yana ƙin ruwa, ban da ɗan tsininsa, wanda ke riƙe fatar ruwan kamar ƙusa don kada iskar ta kuɓuce. Daga baya suka nuna cewa in ganyen ya taɓa mai da ke yawo a kan ruwa, cikin daƙiƙoƙi yake zuƙe shi, man ya bi ta tsakanin gasun ya yi gaba. Da haɗin gwiwar masana saƙa na Aachen suka ƙera wata na'ura mai yawo a ruwa: ƙyalle mai irin wannan gashi yana jan man kamar lagwani, yana ɗiga shi cikin mazubi.

Na fito daga lambun zuciyata fal. A ganina matsalar ta ƙare, saura a buga da yawa a rarraba.

Tafiyar Faransa ba ta da wani labari. Kolon, Faris, sauya tasha da jan jaka ta ƙarƙashin ƙasa, sannan jirgi mai gudu daga Montparnasse zuwa Brest, awa huɗu ba kaɗan. Auta ya yi barci, ni na rungume gwangwani. A Brest akwai cibiyar Cedre, wadda aka kafa a 1979 don nazarin gurɓatar ruwa ta hanyar haɗari, kuma dalilin kafa ta shi ne ya kawo mu. Bas muka hau zuwa Portsall, tafiyar kilomita 30 ko kusa, ana yayyafi.

Ƙaramar tashar masunta ce. Mun isa ruwa ya janye, jiragen sun kwanta a kan yashi kowanne ya karkace gefe guda. A bakin tashar aka ajiye wata anga, wato ƙarfen da ake jefawa ruwa don tsayar da jirgi, ƙatuwa, ta haura tan 20, baƙa, yara na hawa kanta ana ɗaukarsu hoto. Ita ce ta jirgin dakon mai Amoco Cadiz. Ranar 16 ga Maris 1978, jirgin, mai tsawon mita 334, yana ɗauke da ɗanyen mai daga Saudiyya da Iran zuwa Rotterdam, sai na'urar sitiyarinsa ta lalace cikin guguwa. Wani jirgin ja na Jamus ya yi ta fama da shi, igiya na tsinkewa, har dare ya yi ya hau kan duwatsun da ke gaban ƙauyen nan. Duk abin da ke cikinsa, sama da tan 220,000, ya tsiyaye cikin teku a 'yan makonni. Gaɓar da ta ɓaci ta fi kilomita 300. Magajin garin yankin, Alphonse Arzel, ya ja ragamar ƙananan hukumomi suka kai ƙara Shikago, aka shafe shekara 14 kafin a biya su a 1992.

Wani dattijo da ke gyaran igiya kusa da mu ya ga yadda na tsaya ina kallon angar. Faransancina na tsintuwa ne, Auta ya fi ni, shi ya yi mana tafinta. Tsohon ya ce warin ne ya fara tashe su, kowa ya zaci tankin man ɗumama gidansa ne ya fashe. Na tambaye shi yadda man yake a ido. Sai ya haɗa tafukansa biyu kamar mai ɗiban laka, ya juya su ƙasa, ya girgiza, alamar abin ba ya zuba.

Wannan alamar ce ta fara sanyaya mini jiki, don na san abin da yake nufi. Ɗanyen mai ba ya zama mai in teku ya yi kwana biyu yana dukansa. Mai sauƙin cikinsa ya bi iska, saura kuma igiyar ruwa ta dama shi, ƙananan ɗigon ruwa su shige cikinsa su maƙale, har ruwa ya kai kashi 70 ko 80 cikin 100 na abin. Sai ya kumbura ya ninka, ya yi kauri, ya koma launin ƙasa, shi ya sa ma'aikatan ke kiransa da sunan kumfar cakulan. Da shebur da bokiti aka kwashe shi a nan, da sojoji da 'yan sa-kai, da tankokin da manoma ke zuƙar taki da su. Cikin wajen tan 100,000 na dame da aka tara, man da aka iya cirowa bai kai tan 20,000 ba. Wace raga ce wannan zai ratsa?

Muka gangara kan yashi. Wani farin tsuntsun teku yana ta nitso a wani ɗan kududdufi, yana fitowa yana girgiza, ruwa na tarwatsewa daga bayansa. Sai abin ya faɗo mini, har na tsaya cak. Gashin tsuntsun nan shi ne ragata. Kaushi ne da maiƙo da iska a tsakani, yana ƙin ruwa, don haka yana son mai. Abin da ke sa agwagwa ta wuni a ruwa ba ta jiƙa ba, shi ne ke sa gashinta ya zuƙe mai har ya ƙoshi. Da man ya kori iskar, ruwan sanyi ya kai ga fata, shi ke nan. Dubban tsuntsaye suka mutu haka a gaɓar nan. Na daɗe da sanin wannan a takarda, amma ban taɓa haɗa shi da abin da ke cikin gwangwanina ba sai ranar.

Na cika gora biyu da ruwan teku muka koma masauki. A banɗaki na baje kayana: kofunan gilashi, sirinji, da 'yar kwalbar man inji. Auta ya riƙe waya yana ɗauka.

Raga ta farko na ɗora a bakin kofi, na zuba gaurayen a hankali. Man da ya fara taɓa ta ya wuce sumul. Sai ruwan, da yake ya fi nauyi, ya sauka ya kwanta a kan ragar ya toshe ƙofa, sauran man ya tsaya a samansa yana jira. Dole na karkata ragar kafin a ci gaba. Wannan aibi sananne ne, shi ya sa wasu masu binciken suka juya dabarar. Sun lura kifi na fita daga ruwa mai maiƙo jikinsa tas, saboda ɓawonsa yana riƙe ruwa, ruwan ya hana mai zama. A 2011 aka fito da raga mai shafin da ke shan ruwa, wadda ke barin ruwa ya wuce ta tare mai. A aikina, inda ruwa ne mai yawa man kaɗan, wannan ta fi ma'ana.

Ta biyu na lanƙwasa ta kamar ɗan kwale-kwale na ɗora a kan kwanon da mai ke yawo a samansa. Wannan kam ta burge. Ta yi ta yawo, duk da jikinta huji ne, ruwa bai shiga ba, man kuwa ya riƙa tsattsafowa ciki yana taruwa, ina zuƙewa da sirinji. Cikin 'yan mintoci fuskar ruwan ta washe, sai ɗan bakan gizo a gefe-gefe.

"Yaya, ai ka gama! Wannan ai kuɗi ne."

Na ce ya danna ta da yatsa. Ya danna kaɗan, ruwa ya ɓullo ta ƙasa ta nitse. Fatar ruwa iyakar nauyin da za ta iya ɗauka ke nan. Hujin da faɗinsa ya kai kashi ɗaya cikin goma na milimita, ruwan da zai iya tarewa bai wuce zurfin santimita 30 ba, ko da shafin ya kai matuƙa. In ka matse hujin don ya jure, sai man ya riƙa wucewa da ƙyar. Sannan inda yatsansa ya taɓa, kunkunniyar ta biyo shi, ƙarfe ya fito fari.

Ta uku na ajiye wa babbar jarrabawa. Na zuba mai cikin gorar ruwan teku, na ɗiga sabulun wanke hannu sau ɗaya tak, na rufe na girgiza kamar minti guda. Ya koma fari, ba ka ce ga mai ga ruwa. Na zuba a kan ragar. Ya ɗan yi jim, sannan duka ya zube cikin kofin, fari kamar yadda ya shiga. Sabulu yana karya ƙarfin fatar ruwa ya sauko da shi kusa da na mai, mai gadin ya kasa bambance su. Ɗigon man kuma sun farfashe sun fi hujin ƙanƙanta. Irin wannan ruwan ne ke zuwa mana a wurin aiki kullum, daga wankin injuna da na tankoki. Tsohuwar hanyar barin mai ya taso da kansa an tsara ta ne don ɗigon da ya kai maikuromita 150. Wanda bai kai 20 ba sai ya wuni bai taso ba. Doka kuwa ba ta sassauta: yarjejeniyar MARPOL ta hana jirage gurɓata teku ba ta yarda jirgi ya zubar da ruwan ɗakin injinsa ba in man ciki ya wuce kashi 15 cikin miliyan.

Kada in zalunci fannin, ragata ta kyandir wasan yara ce in aka kwatanta da abin da ake yi a manyan ɗakunan bincike. Akwai matatai da aka nuna suna raba har dame mai sabulu, kamar wanda aka yi a Jami'ar Michigan a 2012. Amma ciwon da ya kashe tawa yana bin su duka, bambancin lokaci ne. Kaushin da aikin ya dogara da shi ƙanƙane ne, yashi na goge shi, gishiri na cin sa, gansakuka na tsirowa a kai, mai mai kauri na cike ramukan. Lotus in an goge kakinsa yana sake fitar da wani, raga kuwa ba ta da rai. Ga kuma wata: shafe-shafen da suka fi ƙarko da yawansu da sinadaran fulorin ake yin su, dangin PFAS, waɗanda ba sa ruɓewa a ƙasa ko a ruwa. An sa biyu daga cikinsu a yarjejeniyar Stockholm mai taƙaita sinadaran da ba sa ruɓewa, PFOS a 2009, PFOA a 2019, kuma a 2023 ƙasashen Turai biyar suka nemi a taƙaita dangin gaba ɗaya. Ni dai ba zan yarda in cire mai daga ruwa in bar masa abin da ya fi man daɗewa ba. Duk takardar da ta ce mini ta raba kashi 99 cikin 100, tambayata yanzu ita ce: da wane irin ruwa, kuma bayan wata nawa?

Da safe kafin bas ya zo muka sake leƙa tashar. Ruwa ya dawo, jiragen sun miƙe suna lilo a kan igiyoyinsu. Iska ta kwanta, tashar ta yi lumui. A gindin wani jirgi, inda ake zuba masa man gas, wani siririn maiƙo ya bazu yana walƙiya ja da kore, faɗinsa bai fi tabarma biyu ba. Sabo ne, bai damu ba, ba igiyar da ke dukansa. Da ɗan kwale-kwalena na jiya yana nan da ransa, da ya shanye shi kafin mai jirgin ya gama ɗaure tiyo. Na nuna wa Auta.

"Saura nawa a gwangwanin, Yaya?"

Na buɗe masa. Kwali ne da allurai, sai baƙin da ya zuba a ƙasa. Ya sa hannu a aljihu ya ciro guntun kyandir da ya roƙa a masauki, ya jefa ciki, ya karɓi gwangwanin ya sa a tasa jakar.